Rigar Sanyi Ta Gama Saƙuwa, Ina Aljihu?

Daga Disamba zuwa Janairu, idan iskar hunturu ta sauko Ketare da sauran garuruwan ƙasar Kankara, yaron da zai fita makarantar allo da asuba hannunsa ne ke fara ƙandarewa. Rigar da uwa ko gwaggo ta saƙa masa ta rufe ƙirji, amma babu inda zai cusa yatsu, domin yawancin masu saƙarmu ba sa yin aljihu. To, ba sai an warware rigar ba.

Ɗora aljihu a kan gamammiyar riga tsohuwar sana'armu ce. Dubi babbar riga: ƙyalle ne daban ake ɗinkawa a ƙirji ta hagu, a zuba masa aska biyu ko aska takwas. Haka za a yi wa rigar ulu. A fara wanke ta, ta bushe a shimfiɗe, don saƙa takan sake jiki bayan wanki. Mai ita ya saka, ya ɗora tafin hannunsa inda ya fi masa daɗi, a yi alama da zare. Sai a saƙa ɗan falle da ya ɗara tafin kaɗan, a ɗinke gefe uku da zaren ulu, ana bin layi ɗaya na saƙar don kada ya karkace. Kusurwoyin sama biyu su ke shan ja, a maimaita musu ɗinki. Kada a wahalar da kai neman launin da ya yi daidai. Rana da wanki sun riga sun ci na rigar. A ganina gara a zaɓi wani launi da gangan, ya zama ado.

Akwai hanya ta biyu, mai sa gaba ya faɗi. Elizabeth Zimmermann, 'yar Ingila da ta zauna a Amurka, ta yayata ta a littafinta na 1971. Ana datse zare ɗaya tak a tsakiyar wurin, a warware layin dama da hagu gwargwadon faɗin aljihu. Idanun saƙa za su buɗe sama da ƙasa, sai a kwashe su a tsinke. Daga na sama a saƙa jakar ta sauka ta ciki, na ƙasa kuma a yi musu baki. Wannan hanya fa saƙar tsinke biyu kaɗai ke karɓarta. Wadda aka yi da kwarashi ƙulli ne kan ƙulli, almakashi ɓarna zai yi mata. Ɗorawa ce tata.

Saƙa tana miƙewa, waya ko makullai kan ja aljihu ya lanƙwaso. Idan rigar babba ce, a kai wa tela ya yi shafi da guntun yadi ta ciki. Ta jariri kuwa a ƙyale ta, ba shi da abin ajiyewa.