Binciken Ɗalibai A Intanet: Sai Da Jagoran Malami

Duk malamin da ya daɗe yana riƙe alli a garin Malanville ya san sabon ciwon da ya shigo azuzuwanmu. Mukan ba yara aikin gida, mu ce su binciko mana labarin kogin Kwara, wanda 'yan'uwanmu Dendawa ke kira Isa. Washegari sai a kawo mana takardu arba'in, magana ɗaya, har kuskuren rubutun ma iri ɗaya. Yaro guda ne ya ari wayar yayansa ya kwafo, saura suka kwafa daga gare shi. In ka tambaye shi daga ina kogin ya taso, sai ya sunkuyar da kai, alhali da hannunsa ya rubuta cewa daga tsaunukan ƙasar Gini ne.

Gaskiya ɗaya ce, laifin har da namu. Wanda ya tura yaro babbar kasuwar garin nan bai gaya masa rumfar da za shi ba, kada ya yi mamaki in ya dawo da abin da ba a aike shi ba. Intanet kuwa ta fi kowace kasuwa girma, kuma mai gaskiya da maƙaryaci duk sun baza kayansu a ciki.

Wannan matsala an daɗe da hango ta a wasu ƙasashe. A shekarar 1995 wani malamin jami'ar San Diego ta ƙasar Amurka, Bernie Dodge, tare da abokin aikinsa Tom March, suka fito da wani tsari da suka kira WebQuest. Manufarsa ita ce malami ya riga yara shiga intanet, ya zaɓo shafukan da ya amince da su, sa'an nan ya ɗora musu tambayar da ba a samun amsarta a kwafe. Aikin yana da gabatarwa, da bayanin abin da ake so su yi, da matakan da za su bi, da wuraren da za su duba, da ma'aunin ba da maki, sai kammalawa.

Bari mu kawo misali daga bakin kogin namu. Benin da Nijar sun daɗe suna jayayya a kan tsibirin Lete, har suka kai maganar gaban Kotun Duniya da ke birnin Hague a shekarar 2002. Ranar 12 ga watan Yuli 2005 kotun ta yanke hukunci, ta ce iyaka tana bin hanyar ruwa mafi zurfi wadda jiragen ruwa ke bi, kamar yadda take a lokacin samun 'yancin kai a 1960. Da haka Nijar ta sami tsibirai 16, har da Lete, Benin ta sami 9.

To, maimakon mu ce su rubuto tarihin Lete, sai mu tambaye su: yaya kotu ta raba ruwan da ba shi da shinge, kuma me hukuncin ya jawo wa masunta da makiyaya? Mu kasa ajin ƙungiya-ƙungiya. Ta farko ta karanta taƙaitaccen hukuncin a shafin kotun, tunda akwai shi da Faransanci. Ta biyu ta dubi taswirar kogin ta zana tsibiran da gadar da ta haɗa mu da Gaya. Ta uku ta ajiye waya ta je wajen dattawan masunta ta ji ta bakinsu. Ranar da za su haɗu a aji, dole kowace ƙungiya ta faɗi inda ta samo maganarta, ta kuma amsa tambayoyin sauran. A nan mai kwafe ba shi da wurin ɓuya.

Mun san za a ce ina kayan aikin? Ba kowane gida ke da babbar waya ba, kuɗin intanet na cin aljihu, wutar lantarki kuma takan ɗauke. Amma wannan tsari ya fi sauƙi ga talaka, domin waya ɗaya ta ishi yara biyar, kuma shafi uku da malami ya zaɓa ba su cin kuɗi kamar yawon dare a intanet. Malami yana iya sauke shafukan tun da wuri, ko ya buga su a takarda. Abin da ya fi nauyi shi ne lokacin da zai ɓata wajen shiri, da taimaka wa yara su warware Faransancin kotu, su maimaita shi da Hausa ko Dendi don a tabbata sun gane.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu malamai, kowa ya gwada aiki ɗaya irin wannan a zangon karatu mai zuwa, ko a kan noman shinkafa, ko cinikin albasa, ko ambaliyar kogi. Iyaye kuma, idan yaro ya nemi aron waya don aikin makaranta, ku tambaye shi shafukan da malaminsa ya ba shi, ku zauna kusa da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, amin.