Tartsatsin kan batir bayan an sa sabon rediyo

Mai riwaya, wato mai gyaran wutar mota, ya gama ɗaura maka sabon rediyo mai allo, ya maida murfi, ya zo gaban mota ya ɗora waya a kan batir, sai ka ji "tas!", wuta ta ɗan ƙyasta. Gabanka ya faɗi, shi kuwa ko a jikinsa. Sau da yawa shi ke da gaskiya, amma ba kullum ba.

A cikin rediyo, musamman ma cikin amfilifaya, akwai wasu 'yan ma'ajiyar wuta da ake kira kafasita. Idan aka cire batir sukan tsiyaye, su zama kamar tulun da aka juye. Da an maida waya, sai su zuƙi wuta da ƙarfi cikin ƙiftawar ido har su cika, kuma wannan zuƙar ce ke tsallaka ɗan ratar da ke tsakanin waya da kan batir ta zama tartsatsi. Kwamfutar mota da agogo su ma suna jan nasu. Idan an bar ƙofa a buɗe, fitilar ciki ma tana cikin masu jira.

Ga gwajin da ba ya buƙatar ko sisi. Kashe komai, zare makulli, rufe ƙofofi. Taɓa wayar a kan batir, ɗaga, sake taɓawa nan take. In tartsatsi na biyun ya ragu ƙwarai ko ya ɓace, tulun ne ya cika, babu damuwa. In kuwa kowane taɓi da irin tartsatsinsa, to wani abu na shan wuta ba tsayawa. Idan ya zo da ƙara mai ƙarfi, ko dalmar kan batir ta narke, ko waya ta ɗau zafi, ko ka ji ƙaurin roba, janye hannu, kada ka ɗaure. Ko dai waya mai wuta ta sami ƙarfen mota, ko an juya kawunan batir. Batirin mota bolt 12 ne kacal, ba zai ja mutum kamar wutar gida ba, amma yana iya sakin ɗaruruwan amfiya a take, abin da ya isa ya maida sifana jawur.

Galibi laifin yana bayan rediyo. A tsarin da aka saba, waya rawaya tana ɗauke da wuta dare da rana don rediyo ya riƙe tashoshi da lokaci, ja tana samun wuta ne sai an murza makulli, baƙa kuma jikin ƙarfen mota take zuwa. Mai gaggawa yakan murɗe rawaya da ja wuri guda ya jona su a wuta mai zama, rediyo ya kama, a biya shi, a rabu. Bayan kwana biyu a wayi gari ana turin mota. Akwai ma tarkon da ya shafe mu sosai, ganin yadda Golf da Sharan da Vectra 'yan Beljiyam suka cika tashoshin motarmu: a motocin Volkswagen da Opel da yawa, gurbin waɗannan wayoyi biyu a soket ɗin musanye yake, don haka sai an sauya su. Sauran masu laifin kuwa su ne wayar da salatif ɗinta ya kwance saboda zafi, da wadda ƙusa ta huda wajen ɗaure rediyo.

Mai riwayar da ya san aikinsa ba ya dogara da ido. Yakan sa mita tsakanin kan batir mai alamar ragi da wayarsa, ya jira motar ta yi barci, wanda a sababbin motoci kan kai minti 20 zuwa 30. Abin da ya wuce miliamfiya 50 abin bincike ne. Daga nan sai ya riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Kuma in an ja wa amfilifaya ƙatuwar waya daga batir, a tabbata akwai fiyus kusa da batirin, cikin santimita 45. Ɗabi'ar nan ta cusa zaren waya a gurbin fiyus da ya ƙone ita ce ke cinye mota ƙurmus.

Wajen cirewa a fara da kan mai alamar ragi, wajen maidawa shi ne na ƙarshe. Dalili kuwa, shi ke haɗe da gangar mota. Muddin yana cire, ko sifana ta zame daga ɗaya kan ta taɓa ƙarfe, babu abin da zai faru. Batirin da aka sauke daga caji yanzu-yanzu yana fitar da iskar haidirojin, wadda ke kamawa da zarar ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wurin, ga kuma ruwan batir mai cin fata da ido. A bar shi ya sha iska tukuna, a cire zobe da agogon ƙarfe, a kuma kawar da fuska gefe lokacin ɗora wayar ƙarshe.