Kwabo Ɗaya, Abokan Karawa 11

Akwai kalma guda da iyaye a garuruwanmu na kwarin Rima, daga Birnin Kebbi zuwa Ambursa har Argungu, kan rufe abubuwa biyu da ita: caca. Yaro ya shiga shagon gem ya biya kuɗi ya yi dambe a talabijin, a ce caca. Saurayi ya zuba kuɗinsa a kan ƙwallon Ingila, shi ma a ce caca. Mu masu nazarin harshe mukan yi ɗari-ɗari da kalmar da ta yi faɗi haka, domin da zarar suna ɗaya ya rufe abu biyu, ido kan daina rarrabe su. Bambancin kuwa ya fi fitowa fili a wata tsohuwar al'ada ta ma'abota wasan faɗa, wato gama wasa kacokan da kwabo ɗaya tak.

A shekarar 1991 kamfanin Capcom na Japan ya fitar da Street Fighter II a cikin akwati mai tsawon mutum, da sandar juyawa ɗaya da madannai 6, uku na naushi, uku na shuri. Ka jefa kwabo, ka zaɓi ɗaya daga cikin 'yan wasa 8, ka kara da sauran 7, sannan manya 4 su tare ka: Balrog da Vega da Sagat da M. Bison. Kowace karawa turmi uku ce, wanda ya ci biyu ya wuce. In aka kayar da kai, sai akwatin ya fara ƙirge zuwa sifiri, yana jiran wani kwabon. Nan cinikin yake. A cikin akwatin ma akwai 'yan makunnai da mai shago ke ƙara wa wasan wuya da su.

Kuma akwatin ba ya wasa da gaskiya. Kafin ɗan Adam ya yi jifan da aka san Guile da shi, sai ya danne sanda baya na kusan daƙiƙa biyu; kwamfuta kuwa takan jefo shi ba tare da wannan jira ba. A Mortal Kombat II na 1993 abin ya fi muni, don na'urar na karanta abin da ka danna ne ta mayar da martani nan take. To, mai karatu, yaya za a yi mutum ya gama da irin wannan abokin gaba ba tare da ya ƙara ko anini ba?

Amsar ita ce, na'ura tana da nahawu. Tana da sauri, amma jimlolinta ƙidayayyu ne, kuma kowace na da sharaɗinta. Sagat zai yi ta jifa daga nesa, wani sama wani ƙasa, ba don jifan ya kashe ka ba, sai don ka gaji ka yi tsalle. Kana tashi ya tarbe ka da naushin da ya tanada tun farko. Wanda ya sha wannan kashi sau hamsin, in mai lura ne, zai gane tazarar da tsalle ke zama ganganci da wadda yake zama riba. Haka yaro ke koyon jam'in sunaye a Hausa: ba wanda ya zaunar da shi ya karanta masa doka, ji yake yi, ya yi kuskure, a yi masa dariya, ya gyara. Sai dai shi mai kwabo ɗaya dole ya haddace nahawu 11, ya kuma furta su a jere hannunsa bai yi rawa ba. Capcom ta san darajar wannan: a Super Street Fighter II Turbo na 1994 ta ɓoye wani gwarzo, Akuma, wanda ke fitowa ga wanda ya kai ƙarshe cikin hanzari ba tare da ƙarin kwabo ba.

Bakabe ba baƙon wannan ƙa'ida ba ne. A fagen dambe, gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, kuma babu kuɗin da zai tashe ka ka ci gaba daga inda ka faɗi. A Matan Fada, tun bikin 1934, homa ce da gora, da ɗan lokacin da aka yanka. Wanda bai san ruwa ba ya fito hannu rabbana.

Akwatunan cin kwabo ba su yaɗu a nan ba sosai, ƙasar da tsabar ƙarfe ta mutu a hannun jama'a, har ƙoƙarin Babban Banki na farfaɗo da ita a 2007 bai kai ko'ina ba. Abin da muka samu shi ne Sega da PlayStation a shaguna masu janareta. Amma dokar ta biyo su: wanda aka kashe ya miƙa, ko ya sake biya, gwani kuwa ya wuni a kujera da kuɗin da ya shigo da shi.

Ban ce shagon gem makaranta ba ne. Yana cin lokacin karatu da na salla, jinin da ke malala a Mortal Kombat kuma sai da ya kai Majalisar Dattawan Amurka ga zaman sauraron ba'asi a 1993. Wannan hujja ce ta sa ido. Sai dai a lura da inda kuɗi ke nufa. A wasan faɗa, gwargwadon ƙwarewarka gwargwadon raguwar abin da kake biya, har ka zama asara ga mai shago. A shagon caca an riga an cire ribar gida a cikin lissafin kafin a busa usur, kuma shekara goma ta zama a benci ba ta rage ta. Yawancin wasannin wayar hannu na yau sun fi kusa da na biyun, tunda ana sayar da ƙarin rai da ƙarin ƙarfi ga duk mai kati.

Don haka uban da ya kama ɗansa a shago, kafin ya ɗaga bulala, ya tambaye shi nawa yake kashewa a watan jiya, nawa yake kashewa yanzu, kuma wane ne a cikin abokan karawar har yau yake kayar da shi.