Rariya mai manyan idanu da lissafin fashewar gas

Duk matar da ta sayo garin masara a kantunan titin Ladypool da ke Balsall Heath ta zo tankaɗe, ta san rariya suna ta tara. Mai manyan idanu sauri gare ta, kafin ruwa ya tafasa an gama, garin kuma sumul a ido. Sai tuwo ya shiga baki ake jin tsakin da ya zurare. Mai ƙananan idanu tana fid da gari mai laushi, amma sai kafaɗa ta ƙage.

Da irin wannan zaɓin injiniyoyi ke fama idan suka sa kwamfuta ta kwaikwayi fashewar gas. Ba kowace gobara nake nufi ba. Akwai wadda igiyar matsi ke yin gaba, ta danne iska har ta kama da wuta, wutar kuma ta ƙara ingiza igiyar, su biyun suna gudun kusan mita 1,800 a daƙiƙa guda. Tun 1899 David Chapman ya fitar da lissafin wannan gudu a Manchester.

Ita kwamfuta yanka fili take yi gida-gida kamar idon rariya, ta yi lissafi a kowane gida. To, a gaurayen haidurojin da iska, tazarar da ke tsakanin igiyar da inda wutar ke kamawa ba ta kai milimita ɗaya ba. Gida ya fi ta faɗi, ta zurare ke nan. A 1986 wasu masu bincike, Colella da Majda da Roytburd, suka nuna abin da ke biyo baya: igiyar da ke cikin kwamfuta takan koma tsallake gida ɗaya a kowane takun lissafi, gudunta ya zama na faɗin gidajen, ba na sinadaran da ke ƙonewa ba. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne hoton yakan fito tsaf, ja da shuɗi, babu alamar tsaki, kuma da irinsa ake yanke nisan da za a bari tsakanin tankin mai da gidajen mutane.

A matse idon mana, in ji wani. Rage faɗin gida da rabi kawai kan ninka aikin kusan sau 16, ma'ajiyar mai kuwa ɗaruruwan mita ce.

Ga abin da ya faru a wata ma'ajiya irin wannan: ranar 11 ga Disamba 2005 wani tanki ya tumbatsa a ma'ajiyar Buncefield kusa da Hemel Hempstead, kimanin tan 300 na fetur ya malale, tururinsa ya fashe, mutum fiye da 40 suka jikkata. Ƙarfin matsin ya zarce abin da aka yi tsammani a buɗaɗɗen fili nesa ba kusa ba. Masu bincike suka zargi bishiyoyi da shingen gefen hanya da ƙara wa wutar gudu, kuma kafin su gamsu sai da aka je Spadeadam a Cumbria, aka jera bishiyoyi na gaske, aka lulluɓe su da gas, aka kunna.