Zazzaɓin Da Ba Ya Jiran Gari Ya Waye

'Yan'uwa mata, mun saba in jikin yaro ya yi zafi mu ce cizon sauro ne, mu ba shi farasitamol, mu bari sai da safe. To, akwai majiyyacin da wannan jinkiri kan halaka, watau mai ciwon dajin jini wanda ke karɓar magani a asibiti, yaro ne ko babba.

Ga dalili. A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, su ne dakarun da ke yaƙi da ƙwayoyin cuta, ɓargo ne kuwa ke yin su. Ciwon yakan ɓata ɓargo, maganinsa kuma don ƙarfinsa yakan rage dakarun ƙwarai. Sukan fi ƙaranci wajen kwana 7 zuwa 14 bayan an yi maganin. A lokacin nan jiki ya zama gari ba ganuwa. Cuta na iya shiga jini ba ƙurji ba mugunya, zazzaɓi kaɗai ne alama, cikin 'yan sa'o'i kuma sai ta ci ƙarfin mutum.

A 1966 Dokta Gerald Bodey na Amurka ya nuna cewa gwargwadon raguwar dakarun nan, gwargwadon haɗarin kamuwa da cuta. A 1971 kuma Dokta Stephen Schimpff da abokan aikinsa suka nuna amfanin soma maganin kashe ƙwayoyin cuta nan take, ba sai an jira sakamakon awon jini ba, don yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu. Ƙa'idar likitoci yau ita ce a ɗebi jini, a yi allurar farko ta jijiya cikin sa'a ɗaya da isowar majiyyaci.

Saboda haka, uwargida, ki aje ma'aunin zafin jiki a ɗaki. In ya nuna 38, ko kika ga majiyyaci na rawar ɗari, ku nufi asibiti ko da tsakar dare ne. Kada ki ba shi farasitamol kafin ki auna, don yakan ɓoye zazzaɓin. Ki riƙe katinsa, da isarku ki gaya wa ma'aikatan jinya ciwonsa da ranar da aka yi masa magani na ƙarshe, kada ki tsaya bin layi don kunya. A duba cizon sauro, amma kada dubawar ta jinkirta allurar.

Ku kuma 'yan makaranta, ku koyi karanta ma'aunin nan, ku taimaki iyayenku. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.