Injin Mazurari: Yadda Ake Mayar da Dutse Tsakuwa

Tsakuwar da tifa ke juyewa a bakin gini ko a aikin titi yawanci ba da guduma aka fasa ta ba. A manyan wuraren fasa dutse, irin waɗanda ke Mpape kusa da Abuja, nakiya ce ke fara tsaga dutsen, sannan a zuba manyan ɓaraguzan cikin injin muƙamuƙi, wanda Eli Whitney Blake ya ƙirƙiro a Amurka a 1858. Abin da ya fito daga can ya fi girman da magina ke so. Nan ne injin mazurari ke karɓar aiki.

'Yan'uwan gidan Symons ne suka fito da shi a Amurka a shekarun 1920, kamfanin Nordberg na birnin Milwaukee kuma ya yi suna wajen ƙera shi. Cikinsa kifaffen mazurari ne na ƙarfe, a zaune kan wata sanda mai kauri, an kife masa wani babban kwano a kai. Ratar da ke tsakaninsu tana da faɗi a sama, tana tsukewa a ƙasa.

Mutane da yawa suna zaton mazurarin juyawa yake yi yana niƙa dutsen. Ba haka ba ne. Gindin sandar yana cikin wani zobe da gefensa ɗaya ya fi ɗayan kauri. Idan injin lantarki ya juya zoben ta hanyar bel da giya, sai mazurarin ya riƙa rangaji yana zagayawa, kamar muciya a tukunyar tuwo. Inda ya matso kusa da kwano, sai ya danne dutse ya fashe; inda ya ja baya, sai gutsattsarin su zame ƙasa, a sake matse su a wuri mafi ƙunci. Haka dai, sau ɗaruruwa a minti guda, har su faɗo ta ƙasa. Mafi ƙuncin ratar nan shi ke yanke girman tsakuwa, kuma ana iya tsuke ta ko a buɗe. Daga nan ana tace tsakuwar da rariya; dutsen da ya fi ƙarfin rariyar sai bel ɗin jigila ya mayar da shi ya sake zagayowa.

Fuskar mazurari da ta kwano an lulluɓe su da ƙarfen manganis, wanda Robert Hadfield ya samar a Ingila a 1882. Abin mamakinsa shi ne, duka ne ke ƙara masa tauri. Duk da haka yana cinyewa, ana canza shi.

Ga inda masu aiki da yawa ke kuskure: suna tsammanin idan suka rage abin da ake zubawa, sun tausaya wa injin. Alhali shi a cike yake son ya yi aiki. Idan ya cika, dutse ne ke matse dutse, tsakuwar ta fito da kyakkyawar siffa maimakon falle-falle, wadda ba ta kama kankare da kyau, ƙarfen kuma ya cinye daidai ko'ina. Idan ana ɗiga masa kaɗan-kaɗan, ko ta gefe ɗaya, sai ya cinye ɓangare guda, kuɗin gyara ya ninka.

Yumɓu mai danshi yana toshe shi. Ƙarfe kuwa, misali haƙorin katafila da ya karye ya bi bel, ba ya fasuwa. Shi ya sa ake rataye maganaɗisu a saman bel, kuma aka sanya wa injin sifirin ko na'urar matsin mai da ke buɗa rata abin ya wuce. Ƙurar dutse kuma tana jawo cutar huhu da ba ta warkewa, don haka fesa ruwa da sa takunkumi dole ne ga ma'aikata.