Daga 54 zuwa 867: Lissafin Saurin Waifai a FreeBSD

Katin waifai na Intel 8265, wanda ke cikin laftof irin su ThinkPad T470 da T480, an ƙera shi ne don ya kai megabit 867 a daƙiƙa. Ka ɗora wa wannan laftof ɗin tsarin aiki na FreeBSD, ka bar katin a hannun direban gida mai suna iwm, sai ka ga ya tsaya cak a 54. Kati ɗaya, ɗaki ɗaya, amma saurin ya ragu ninki 16. Wannan giɓin ne ya haifi Wifibox, dabarar da Gábor Páli ya ƙirƙiro, kuma alƙaluman da ke bayanta sun cancanci a zauna a warware su, domin mutane da dama na ɗaukar cewa dabarar ce ke ƙara wa katin ƙarfi. Ba haka ba ne. Ƙarfin yana nan tun daga masana'anta, direban ne ya ɗaure masa ƙafa.

Lambar 54 tana da asali. Ita ce iyakar ƙa'idar 802.11a ta 1999 da 802.11g ta 2003, kuma direban iwm na FreeBSD bai wuce waɗannan tsofaffin ƙa'idoji ba. A wancan tsari, tashar rediyo mai faɗin megahaz 20 ana tsaga ta zuwa siraran layuka, 48 daga cikinsu ke ɗaukar saƙo. Kowane layi yana ɗaukar bit 6 a bugu guda. Kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka aika na gyaran kuskure ne, saura uku cikin huɗu su ne ainihin kaya. Idan ka ninka 48 da 6, ka ɗebe rubu'i, za ka samu bit 216. Kowane bugu yana cin kashi 4 cikin miliyan na daƙiƙa. Raba 216 gida 4, ga 54 ɗinka.

Ƙa'idar 802.11ac ta 2013 ta taɓa kowace lamba a wannan lissafin. Tashar ta faɗaɗa zuwa megahaz 80, layuka masu ɗaukar saƙo suka zama 234. Kowane layi yana ɗaukar bit 8 maimakon 6. Rabon gyaran kuskure ya sauko zuwa ɗaya cikin shida. Bugun ya gajarce daga 4 zuwa 3.6. Sakamakon shi ne bit 1,560 a kowane bugu, wato megabit 433 a daƙiƙa. Katin 8265 kuwa yana aika magudana biyu a lokaci guda ta eriyoyinsa biyu, shi ya sa 433 ta koma 867.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a nan shi ne yadda ninkin ya rarrabu. Faɗin tasha kaɗai ya kawo kusan ninki 5, magudana ta biyu ta kawo ninki 2. Waɗannan biyun sun riga sun ba da kusan 10 daga cikin 16. Sauran gyare-gyaren uku, duk da hazaƙar da aka zuba a cikinsu, gaba ɗayansu ba su wuce ƙarin kashi 65 cikin ɗari ba. Don haka direban da ba ya iya buɗe tasha mai faɗi, ba ya kuma iya sarrafa magudana biyu, ya yi asarar mafi yawan abin da mai laftof ya biya kuɗinsa.

Linux tana da direban da ya iya duk wannan, iwlwifi, wanda ma'aikatan Intel da kansu ke kula da shi. Wifibox ba ta sake rubuta shi ba, ta yi masa masauki ne. Tana tayar da ƙaramar kwamfuta ta kwaikwayo a cikin bhyve, manhajar da FreeBSD ke ɗauke da ita tun fitowa ta 10.0 a Janairun 2014. A cikin wannan baƙuwar kwamfuta ana gudanar da Alpine Linux, wadda aka san ta da rashin nauyi. Sai FreeBSD ta saki katin waifai gaba ɗaya, ta miƙa shi kai tsaye ga baƙuwar. Linux ta haɗu da rauta da cikakken sauri, sannan ta turo wa mai masaukinta intanet ta wata gada ta cikin gida da ake kira wifibox0. A idon FreeBSD, kamar an soka mata wayar intanet ce kawai.

Kuɗin masaukin ba shi da yawa idan aka auna da ma'ajiya. Saitin farko yana ware wa baƙuwar megabait 128 da ƙwaƙwalwar sarrafawa guda ɗaya. A laftof mai gigabait 8, wannan bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Sai dai wannan kason a kulle yake, FreeBSD ba za ta iya ara ta mayar ba, domin katin yana rubuta bayanai kai tsaye a cikinsa. Akwai kuma sharaɗi: dole laftof ɗin ya kasance da fasahar da Intel ke kira VT-d, AMD kuma ke kira AMD-Vi, kuma a kunna ta. Ita ce ke tsare kati kada ya yi rubutu a inda ba a ba shi ba. In babu ita, maganar ta ƙare tun kafin a fara.

Yanzu ga inda ya kamata mai karatu ya yi hattara. Lambobin 54 da 867 saurin tashar rediyo ne, ba saurin sauke fayil ba. Waifai tana kashe lokaci mai yawa wajen jiran tasha ta yi shiru, da aika shaidar cewa saƙo ya iso, da maimaita wanda ya ɓace. Shi ya sa 54 a aikace ba ta cika wuce megabit 20 zuwa 25 ba. Mu ɗauki 24. Fayil mai gigabait 4 yana da megabit 32,000, don haka zai ci minti 22 da 'yan daƙiƙoƙi. Mu ce da direban Linux an samu megabit 400 a kusa da rauta, ƙasa da rabin abin da aka rubuta a kwali: fayil ɗin zai sauka cikin daƙiƙa 80. Wanda ke kwashe ajiyarsa zuwa wata kwamfuta a gida kowane dare, ko yake sauke manyan manhajoji, ya san wannan bambancin a jikinsa.

Amma ninkin yana buƙatar abubuwa uku su haɗu. Ƙa'idar 802.11ac a zangon gigahaz 5 kaɗai take aiki, kuma wannan zangon ba ya ratsa bango kamar 2.4. Idan rautarka tsohuwa ce mai 802.11n a tasha mai megahaz 20, iyakarka 144 ko da magudana biyu. Idan kuma layin da kamfani ya jawo maka megabit 20 ne, to tsohon direban ma ya kusa cika shi, kuma babu kwamfutar kwaikwayon da za ta ƙara maka ko bit ɗaya daga waje. Mutum ya fara auna layinsa kafin ya ɓata yammacinsa wajen saiti.

Akwai asarar da ba ta fitowa a ma'aunin sauri, kuma a ganina ita ce ta fi ciwo. Laftof ɗin yanzu yana bayan wata ƙaramar rauta ta cikinsa, yana riƙe da adireshin 10.0.0.2, baƙuwar na riƙe da 10.0.0.1. Wata na'ura a gidan ba za ta iya ƙwanƙwasa masa kai tsaye ba sai an buɗe mata hanya da hannu. Idan aka rufe murfi ya yi barci, sai an sake tayar da baƙuwar kafin intanet ya dawo. Tsarin aiki biyu ne ke cin batir, kuma biyu ne ke buƙatar sabuntawar tsaro, ɗaya daga cikinsu ma shi ne ke fuskantar kowace waifai ta otal ko filin jirgi.

Duk da haka ina ganin aikin Páli ya cancanci yabo, domin ya riƙe mutanen da da tuni sun bar FreeBSD saboda kati ɗaya. FreeBSD, tsarin da Netflix ke amfani da shi wajen tura bidiyo ga duniya, ya daɗe yana jan ƙafa a kan laftof, kuma dalilin kuɗi ne da ƙarancin hannu: kamfanonin da ke ƙera katin, Linux da Windows suke rubuta wa direba. A ƙarshen 2024 Gidauniyar FreeBSD ta sanar da shirin inganta laftof na dala 750,000, waifai na sahun gaba a ciki. Bjoern Zeeb ya kwashe shekaru yana shimfiɗa hanyar da direban iwlwifi zai yi aiki a cikin FreeBSD kanta, kuma fitowa ta 14.3 a Yunin 2025 ta zo da 802.11ac ga katunan Intel na baya-bayan nan. Katin AX200 kuwa, ɗaya daga cikin waɗannan katunan, an ƙera shi ne don ya kai megabit 2,400 da ƙa'idar 802.11ax a tasha mai megahaz 160, don haka ko 867 ɗin da aka cimma kusan sulusin ƙarfinsa ne kawai.